Kiwon Tumaki da Awaki a Damina: Aikin Yini Guda a Maiduguri

Damina a Maiduguri da kewayenta gajeruwa ce. Ruwa yakan kankama ne daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a watan Agusta. Bayan wahalar rani da tsadar dusa da harawa, mai 'yan tumakin Balami ko awaki a bayan gida yakan saki jiki da zarar ciyawa ta fito. Sai dai a wannan lokaci ne tsutsar ciki da danshin turke suke yi wa ƙaramin makiyayi ɓarna, kuma yawancin maganin abin yana cikin yadda ka tsara yininka.

Da sassafe, kada ka yi gaggawar kwance dabbobi. Tsutsar ciki mai shan jini, wadda masana ke kira Haemonchus, tana zuba ƙwai dubbai kowace rana a cikin kashin dabba. Idan akwai ɗumi da danshi, cikin mako guda 'ya'yanta sun isa kama wata dabbar, kuma sukan hau ganyen ciyawa ne yayin da yake jiƙe da raɓa ko ruwan sama. Saboda haka ka jira rana ta ɗaga, ciyawa ta bushe. Kafin nan ka ba su ɗan busasshen abinci, domin dabbar da ta auka wa ɗanyar ciyawa da yunwa tana iya samun kumburin ciki.

Wannan jira ba zaman banza ba ne. A lokacin ne za ka share kashi ka kai shi ramin taki, ka zuba busasshen yashi a inda ya yi caɓi. A ƙasar firgi irin ta wajen Jere ruwa yakan kwanta, kofato ya yi laushi ya ruɓe, har dabba ta koma kiwo a durƙushe. Ka tayar da daɓen turke sama da tsakar gida, ka yi masa rumfa.

Sannan ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Ka ja fatar idon ƙasa: idan cikinta ja ne, da sauƙi, idan ya yi fari, jini ya ragu. Kumburi a ƙarƙashin haɓa alama ce cewa abin ya yi nisa. Ka nemi malamin dabbobi ya ba da maganin tsutsa gwargwadon nauyin dabba. A ganina, raba ƙwaya ɗaya ga awaki uku ya fi rashin bayarwa illa, domin yana sa tsutsa ta daina jin magani. Ka kuma laluba kunne, hantsa da gindin wutsiya saboda kaska.

Ga malaman gona: ku tuna wa jama'a rigakafin annobar PPR mai kawo majina da zawo. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ce ke sarrafa allurar, kuma sau ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3. Ku yi bayanin ga matan gida ma, tunda galibi su ne ke kula da turke.

Da yamma ka yanko ciyawa ka baza ta sha iska, ka rataye ta ko ka zuba a kwami, kada a ƙasa. Dusar da ta yi fumfuna a zubar.

Saura batun dare. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malale unguwanni irin su Fori da Gwange cikin dare, dabbobi masu yawa suka halaka. An taɓa ganin irin haka a 1994. Dabbar da ke ɗaure ba ta iya tsira da kanta. Idan gidanka yana kwari, ka yi ƙullin da ja ɗaya zai kwance shi, ka ajiye wuƙa da tocila kusa, ka kuma shirya tun yanzu da wani ɗan'uwa da ke kan tudu inda za ka kai su idan ruwa ya taso.