Yadda A Ke Ɗaura Wa Ɗan Jirgin Nitso Fikafikai

Wanda duk ya tsaya ya dubi kifi cikin ruwa ya san ba da wutsiya kaɗai ya ke tafiya ba. Yana da 'yan fikafikai a haƙarƙarinsa, da su ya ke hawa da sauka. To, jirgin nitso haka ya ke, babba da ɗan samfurin da a ke ƙerawa da hannu. Yana da wutsiya a tsaye mai juya shi dama da hagun, da fikafikai a kwance, na gaba da na baya, masu sunkuyar da kansa ko su ɗaga shi.

Jirgin da John Holland ya ƙera, wanda sojan ruwan Amurka suka saya a shekarar 1900, da fikafikan baya ya ke nitso. Akan bar shi da ɗan saura kaɗan ya nutse, sa'an nan fikafikan su ɗaga gindinsa, kai ya sunkuya, farfela ta tura shi ƙasa. Samfura da yawa wannan hanya su ke bi, gama in inji ya mutu sai jirgin ya taso da kansa.

Abin da ya sa aikin ke bukatar natsuwa shi ne nauyin ruwa. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, kuma in gudun jirgi ya ninka biyu, ƙarfin da ruwa ke bugun fiffike da shi sai ya ninka huɗu. Saboda haka karkatar da ido ba ya gani a kan tebur, ita ce za ta kai jirgin ta soke shi cikin laka, a rasa aikin watanni.

Da fari sai ka ɗora jirgin a kan katako mai lebur, ka tokare shi don kada ya mirgina. Ka ja zare tun daga tsakiyar hanci har zuwa tsakiyar sandan farfela. Wannan layi shi ne alƙalinka. Kowane awo daga gare shi za ka ɗauka, ba daga fatar jirgin ba, don fata takan yi tudu da kwari. Ka huda ramuka biyu, dama da hagun, ka zura bututun tagulla, sa'an nan ka zura sandan tagulla guda ɗaya ya ratsa su duka. A kan sandan nan ɗaya za a kafa fikafikan biyu. Masu gaggawa kan ba kowane fiffike sandansa, daga baya su yi ta mamakin abin da ya sa jirgi ke tafiya a karkace. Tun gam bai bushe ba, ka auna tsawon bakin kowane fiffike daga katakon, su zo daidai, ka kuma sa ma'aunin kusurwa na kafinta ka tabbata wutsiya a tsaye ta ke cak. In gam ya kama, gyara sai da fasawa.

Sandan kuwa kada ya ratsa tsakiyar fiffike. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga bakin gaba ya fi kyau. In ya ja baya da yawa, ruwa zai riƙa fizge fiffiken ya juya shi. Wayar da ke tura shi kada ta yi sako-sako, inda ta shiga cikin jirgi kuma a toshe da roba da giris.

Ranar gwaji, kada ka tā da inji tukuna. Ka sa jirgin cikin ruwa mai kwanciya, ka duba ko kai ko gindi ya rinjaya, ka gyara da darma a ƙasan ciki. Nauyi a ƙasa shi ke hana farfela mirgina jirgin. Kada ka yarda ka lanƙwasa fiffike don ɓoye rinjayen nauyi, domin gyaran nan a gudu ɗaya tak zai yi daidai, da ka ƙara wuta ko ka rage sai ya ɓaci. Bayan ya zauna sosai, ka miƙe fikafikai duka, ka sake shi a hankali a wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba. In ya bauɗe, ka rage tsawon wayar ko ka ƙara, kaɗan kaɗan, abu ɗaya a kowane gwaji.