Ɗaukar 'Yan Ƙwallo: Samarin Daura Na Jiran Ranar Da Za A Kira Sunansu

Daga Wakilinmu a Daura

Duk shekara idan kakar wasanni ta ƙare, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na ƙasar nan suka shiga sallamar tsofaffin 'yan wasa da neman sababbi, sai ma'abocin ƙwallo a Daura ya kasa kunne. Abin da yake jira shi ne ya ji an kira sunan ɗaya daga cikin yaran da yake kallo kullum da la'asar a filayen makarantu na Daura, ko Zango, ko Mai'aduwa, ko Sandamu, ko Baure. Akasari dai jerin sunayen kan fito, ya bi shi daga sama har ƙasa, ya mayar da wayarsa aljihu ba tare da ya ce uffan ba.

Ba banza yake sa rai ba. Katsina United, ƙungiyar da jama'ar jihar ke alfahari da ita, ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, ko da yake ba ta ɗauki kofin ba ko sau ɗaya. Ta hau babbar gasar ƙasa a 2016, ta faɗo a 2022 tare da Kano Pillars, sa'an nan su biyun suka sake hawa a 2023. Daga Daura zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Ga kuma misalin Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 wa Kano Pillars a 2010, daga nan ya wuce Holan, ya wuce Rasha, har ya kai Leicester ta Ingila a 2016. Wane uba ne zai ji wannan labari bai dubi ɗansa ba?

To amma a nan gizo ke saƙa. A Amurka akwai ranar zaɓen 'yan wasa, wadda ƙungiyoyin ƙwallon da suke yi da hannu suka fara tun 1936. Ana jera sunayen samarin da suka yi fice a jami'o'i, ƙungiyar da ta zo ƙarshe a bara ita ce ke fara zaɓa, kuma a bainar jama'a ake yi. Ko wannan ma ba ya hana magoya baya cizon yatsa idan an tsallake wanda suke so, amma dai kowa ya ga yadda aka yi. A Nijeriya, tun da aka kafa gasar ƙwararru a 1990, tsarin Turai muke bi: kowace ƙungiya ta nemi nata, ta yi gwaji, ta yi ciniki. Saboda haka yaron da ba shi da mai kai shi gaban koci, ko da ya fi kowa ƙafa, sai ya tsufa a filin unguwa. Nan ne kuma wasu dillalai marasa tsoron Allah ke samun ƙofa, su karɓi kuɗin iyaye da sunan gwaji a ƙasashen waje, alhali dokar hukumar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai cika shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa.

Akwai wata hasara kuma da ba a cika magana a kanta ba. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23. Sai dai fa ƙungiyar da ke da rajista, wadda sunan yaron ke cikin takardunta, ita ce ke iya neman wannan haƙƙi. Kocin unguwar da ya sayi ƙwallo da kuɗin aljihunsa, bai rubuta sunan kowa ba, ba shi da abin da zai nuna.

A ganin wakilinmu, wannan aiki ne da sassan wasanni na ƙananan hukumomin masarautar za su iya farawa ba da wani kuɗi mai yawa ba: a yi wa ƙungiyoyin unguwanni rajista, a tsayar da gasar makarantu kowace shekara, a gayyato masu horar da manyan ƙungiyoyi su zauna a bakin fili ranar wasan ƙarshe.