Dokar ECOWAS da Fataken Agege

A Legas aka rattaba hannu kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar ECOWAS ranar 28 ga Mayu, 1975, kodayake hukumar zartarwarta da majalisarta da kotunta duk a Abuja suke zaune. Dokar da ta fi shafar fataken goro da dillalan shanu na unguwar Agege a Legas ita ce ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza har kwana 90, sai dai da yake aiwatarwa tana hannun jami'an kowace ƙasa, direban da ya bi hanyar iyakar Seme yakan tsaya a shinge bayan shinge da takardunsa cikakku. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.