Bindigar da Ba ta Zuwa Yaƙi: Zane da Ado a Kan Bindigogin Gasar Harbi na Jamus



In aka ce bindiga, abin da ya kan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne soja ko maharbi. Amma akwai wata irin bindiga da aka yi ta ƙerawa a ƙasar Jamus da maƙwabtanta, musamman daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ba ta fagen fama ba ce, ba kuma ta dawa ba. Aikinta ɗaya tak, watau huda allo daga nesa a ranar gasa. Ita ce nake so mu duba yau, domin a kanta ne maƙera da masu zane suka zuba gwanintar da ba safai ake ganin irinta a kan makami ba.

Tun zamanin da garuruwan Jamus ke kewaye da ganuwa, mazauna gari suna da ƙungiyoyin koyon harbi don tsaron kansu, waɗanda ake kira Schützen. Da tsaro ya koma hannun soja, ƙungiyoyin ba su mutu ba, sai suka zama na wasa da zumunci. A 1861 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu a garin Gotha, aka yi babbar gasa ta farko a Frankfurt a 1862, shekara tara kafin Jamus ta zama ƙasa ɗaya. Saboda haka mai zuwa gasar ba harbi kaɗai ya kai shi ba. Ɗan kasuwa ne, ko likita, ko mai masaƙa, ya zo a san shi a kuma san garinsu. Bindigarsa kuwa ita ce babbar rigarsa. Wanda ya san abin da aska takwas ke faɗi a ƙirjin mai ita ranar Salla, ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Sai dai kafin ado akwai siffa, kuma siffar daga aikin ta fito. A tsaye ake harbin, ba jingina, daga nisan mita 175 ko 300. Don haka aka yi bindigar da nauyi, kilo biyar ko fiye, domin mai nauyi ba ta rawa a hannu kamar marar nauyi. Aka sa wa gindinta ƙarfe mai ƙugiya da ke kama hammata, aka fafe ƙotar wajen da kunci zai kwanta, aka kuma ba ta kunama biyu: ta baya ita ke ɗana ta gaba, har ta gaban ta zama da an shafe ta da yatsa sai harsashi ya tashi. Harsashi ɗaya ake sa mata. Irin makullin da Carl Wilhelm Aydt na garin Suhl ya ƙago a cikin shekarun 1880 ya yi suna ƙwarai, kuma abin lura shi ne gefunansa faffaɗa ne, shimfiɗaɗɗu. Ga mai zane wannan allo ne aka miƙa masa.

Yaya ake aikin? Ana yin zanen tun ƙarfe yana da taushi, kafin a ƙarfafa shi. Mai zane ya kan ɗaure ƙarfen a maƙama, ya riƙe ɗan tsinken ƙarfe mai kaifi a hannu ɗaya, ƙaramar guduma a ɗayan, yana bugawa a hankali yana bin layi. Kuskure ba ya goguwa, abin da aka yanke ya tafi ke nan. In ana son hoto ya taso, sai a ƙwaƙule ƙarfen da ke kewaye da shi. In kuwa zinariya za a sa, sai a yanka rami wanda cikinsa ya fi bakinsa faɗi, a dasa zaren zinariyar a daddoke, ta bazu a ciki ta kama kanta ba tare da wani manni ba. Bayan an gama ne ake rufe ƙarfen cikin gawayin ƙashi a gasa, a tsoma a ruwa, fatarsa ta yi tauri, wani lokaci ta fito da launin shuɗi da ruwan ƙasa kamar gajimare. Ƙotar kuma, wadda galibi ta itacen walnat ce, wani gwanin dabam ke sassaƙa ta. Watau bindiga ɗaya ta kan bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, amma sunan da ke kan bututu sau da yawa na wanda ya harhaɗa ta ne ko ya sayar. Mai zanen kansa ba kasafai ya kan sa suna ba, kuma a ganina wannan rashin adalci ne da tarihi ya yi masa.

Abin da ake zanawa bai cika fita daga 'yan abubuwa kaɗan ba: ganyen itacen ok, wanda Jamusawa suka ɗauka alamar ƙasarsu, da namijin barewa mai rassan ƙaho, da Wilhelm Tell, gwanin baka na labarin mutanen Siwizalan. Wani kuma ya sa a zana hoton garinsu. Suhl da Zella-Mehlis a Jamus, da Ferlach a Ostiriya, su ne manyan garuruwan sana'ar.

Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da wasan da sana'ar duka. Daga cikinsu akwai Louis Daniel Nimschke, wanda ya yi aiki a New York ya rasu a 1904. Ya kan shafa tawada a kan abin da ya zana ya danna a takarda don ajiya, kuma littafin da ya tara waɗannan yana gidan tarihi na Metropolitan. Ƙyamar Jamusawa da ta biyo bayan shigar Amurka yaƙi a 1917 ita ta durƙusar da wasan a can. A 1945 kuma sojojin Amurka da suka shiga Jamus sun koma gida da bindigogin da yawa a matsayin ganima, shi ya sa mai neman su yanzu ya kan same su a Amurka.

Abin da ya fi cutar da waɗanda suka rage ba tsatsa ba ce, gyara ne. Lokacin da nake karatu a Turai na ga wata a hannun wani dillali, ya sa an goge ta da inji don ta yi ƙyalli. Ta yi ƙyallin kuwa, amma jijiyoyin ganyen duk sun shafe, barewar ta koma kamar tunkiya, launin gashin nan na gawayi babu ko alamarsa. Masana sukan sa yatsa a kan zanen: in bakin yankan yana da kaifi har yana ɗan kama fata, ba a taɓa shi ba tun da ya bar hannun mai shi. In kuwa ya yi sumul, an riga an yi ɓarnar, kuma kuɗin bindigar ya faɗi ƙwarai.