Dalilan da ke sa birkin baya na motocin a-kori-kura maƙalewa

Motocin a-kori-kura su ne ƙashin bayan sintirin jami'an tsaro, da ayarin masu mulki, da jigilar kaya zuwa karkara. Idan birkinsu ya samu matsala, fasinja da mai tafiya a ƙasa ne ke fara ɗanɗana kuɗa.

Yawancin Toyota Hilux da ke Najeriya birkin ganga ne a tayoyinsu na baya. Amma Toyota Tundra da Ford F-150, waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Amurka, galibinsu faifai gare su a baya, tare da kalifa, wato maƙatar ƙarfen da ke matse faifan. Waɗanda suka fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara kan iso da tsatsa.

Alamomin matsala

Taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya, ko a ji ƙauri, ko mota ta yi nauyi tana shan mai fiye da kima.

Inda cutar take

Na farko, sandunan da kalifa ke zamewa a kansu. Idan suka bushe, takalmin birki ɗaya kan cinye, ɗayan na nan da sauransa. Maganinsu wankewa da shafa giris na silikon, domin baƙin mai da giris na gama-gari suna kumbura roba.

Na biyu, fistin. Da zarar robar da ke kare shi ta yage, ƙura da ruwan damina sun samu ƙofa, sai tsatsa ta hana shi komawa.

Na uku, tiyon roba. Yakan lalace ta ciki, ya bar man birki ya tafi, ya hana shi dawowa. Gwajinsa: a ɗaga tayar, a taka birki a saki, a kwance noti mai fitar da iska. Idan tayar ta saku nan take, laifin na tiyo ne ko na abin da ke sama da shi. Idan ta ci gaba da riƙewa, kalifar ce.

Na huɗu, man birki, wanda ke tsotse danshi. Ma'aunin DOT 3 ya tanadi kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha danshi yakan sauko zuwa wajen 140. A gangara da lodi, man na iya tafasa, feda ta nutse. Shi ya sa ake ba da shawarar sauya shi kusan duk shekara 2.

Kurakuran gareji

Idan aka musanya kalifar dama da ta hagu, notin iska zai koma ƙasa, iskar kuwa ba za ta taɓa fita duka ba. Mafi muni shi ne toshe bututun taya mai yoyo don a lallaɓa: mota ta koma tsayawa da ƙafa uku ke nan.

Alhakin wa?

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, jihohi kuma na da jami'an duba lafiyar mota masu bayar da takardar cancantar hawa titi. Takardar da aka bayar ba a duba birki ba, sunanta rasit. Duk inda kasafin kuɗi ya ware wani abu domin gyaran motocin gwamnati, haƙƙin 'yan ƙasa ne su nemi ganin takardun gyaran, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta buɗe wannan ƙofa.