Bambancin Ma'ana Tsakanin "Begin" da "Start": Matsalar Ɗalibi Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne nazarin kalmomin Ingilishi guda biyu, watau "begin" da "start", waɗanda akan fassara su da "fara" ko "soma". Abin da ya jawo hankalinmu ga batun shi ne wata jimla da muka yi ta cin karo da irinta a littattafan yara sa'ad da muke zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a Sheme, cikin ƙasar Faskari, da makarantun da ke wajejen Ƙanƙara da Sabuwa. Jimlar ita ce:

1. The driver began the car.

Malami yakan ja mata jan biro, yaro kuwa ya kasa gane laifinsa, domin an riga an rubuta masa a allo cewa kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya. Za mu duba asalin kalmomin, da wuraren da suka haɗu da inda suka rabu, sa'an nan mu ga yadda Hausa take bayyana waɗannan ma'anoni.

2.0 Asalin Kalmomin

"Begin" daɗaɗɗiyar kalma ce. Tun a tsohon Ingilishi, inda siffarta take "beginnan", ma'anarta farawa ce. "Start" kuwa ba da wannan ma'ana ta taso ba. Asalinta zabura ne, ko yin tsalle farat ɗaya, kamar yadda mutum kan yi in an firgita shi, kuma 'yar'uwar "startle" ce. Daga zabura ta koma nufin motsawa daga wuri, sai sa wani abu ya motsa, kana daga baya ta shiga gonar "begin". Akwai ta uku, "commence", wadda ta shigo daga Faransanci bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, amma ta fi zama a takardun hukuma da na shari'a, saboda haka za mu bar ta.

Wannan tarihi shi ne mabuɗin al'amarin. Har yanzu "start" tana ɗauke da ƙamshin motsi daga zaune, ita kuwa "begin" tana kallon sashen farko na abin da yake da farko da ƙarshe. Shi ya sa kishiyar "begin" ita ce "end", alhali "start" ta fi tafiya da "stop".

3.0 Inda Suka Haɗu

A mafi yawan jimloli kowace tana iya zama a gurbin 'yar'uwarta:

2. The rain began at noon.
3. The rain started at noon.

Duka biyun suna nufin ruwa ya fara da tsakar rana. Ɗan bambancin da ke nan na salo ne: "begin" ta fi yawa a rubutu da jawabi, "start" ta fi yawa a hira. Ya kamata malamai su riƙe wannan da kyau, domin mun ga inda aka soke jimla irin ta 3 ba da wani dalili ba, sai don malamin ya fi sabawa da ta 2. Rage wa yaro maki a kan abin da yake daidai zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

4.0 Inda Suka Rabu

4.1 Na'ura. Duk abin da yake da inji, "start" ce tasa, ko an sa shi aiki ko shi ya kama da kansa:

4. He started the pump.
5. The lorry will not start.

Bahaushe zai ce "ya tayar da injin ban ruwa", "babbar motar ta ƙi tashi". Daga nan ne ma makanikai suka sami kalmar "sitata".

4.2 Kafawa. Idan mutum ya samar da abin da babu shi a da, kamar makaranta ko shago ko ƙungiya, "start" ake amfani da ita. A lura da waɗannan:

6. She started a school.
7. She started school.

Ta 6 tana nufin ta kafa makaranta, ta 7 kuwa an sa ta makaranta. A ta 7 "began" za ta shiga ba tare da wata matsala ba, amma a ta 6 ba haka masu harshen suka saba faɗa ba.

4.3 Haddasawa. Gobara da faɗa da jita-jita duk "start" ake yi musu in ana nufin wanda ya jawo su. A Hausa sai mu ce "ya cinna wuta", "ya tayar da faɗa", "ya ƙirƙiro jita-jita".

4.4 Tafiya. Fasinjan da ya bar Sheme da asuba zuwa Funtuwa zai ce:

8. We started for Funtua at dawn.

Watau "mun tashi", ko "mun kama hanya".

4.5 Yunƙuri. Wannan ya fi sauran zurfi. Alice Freed, a littafinta na 1979 kan ma'anar aikatau masu nuna matakin aiki a Ingilishi, ta nuna cewa kowane aiki yana da share fage kafin ainihinsa. "Start" tana iya tsayawa a share fagen, "begin" kuwa sai an shiga aikin kansa. Alal misali:

9. He started to speak but said nothing.

Wannan jimla ba ta da aibi: mutumin ya buɗe baki, sai ya fasa. Idan aka sa "began" sai ta zama da ɗan tufka da warwara, domin wanda ya fara magana lalle ya furta wani abu. Wannan bambanci siriri ne, kuma bai kamata a sa shi cikin jarrabawar yara ba, amma mai fassara yana bukatar saninsa.

5.0 Yadda Hausa Take Rarraba Ma'anonin

Idan muka koma kan misalan da ke sama za mu ga wani abin sha'awa. A duk inda "start" kaɗai ke shiga, Hausa ba ta amfani da "fara" ko "soma". Tana da "tashi" da "tayar da" da "kafa" da "cinna" da "kama". Jimla ta 9 ma Bahaushe cewa zai yi "ya tashi yin magana sai ya fasa", ko "ya yunƙura zai yi magana". Babu mai cewa "ya fara magana amma bai ce kome ba", sai dai in yana nufin maganar ba ta da kan gado. Har ila yau, "tashi" da "start" hoto ɗaya suke zanawa, na abin da yake zaune ya miƙe: inji ya tashi, mota ta tashi, rikici ya tashi, kishiyarsu kuma tsayawa ko kwantawa.

"Fara" da "soma" kuwa su ne takwarorin "begin" na haƙiƙa. Su ma ba tagwaye ba ne ta kowace fuska. "Fara" tana da ma'anar rigaye, kamar a "shi ya fara zuwa", kuma danginta su ne "farko" da "mafari" da "ɗan fari". "Soma" ta fi karkata ga ɗan taɓa abu kafin a nutsa cikinsa, abin da ya ba mu "somin-taɓi". Ashe ke nan zaman kalmomi biyu a kusa da juna ba tare da sun zama ɗaya ba, ba baƙon abu ba ne ga ɗalibinmu.

Daga nan za mu iya yanke hukunci a kan jimla ta 1. An saba ɗora laifin irin wannan kuskure a kan katsalandan na harshen uwa. A nan zargin bai tsaya ba, domin yaron Sheme da ya taso yana ganin direbobi a bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau bai taɓa cewa "direba ya fara mota" ba. Da Hausarsa ya bi, da ya nemi wata kalma dabam. Abin da ya ɓatar da shi shi ne jerin kalmomin da aka ba shi, kowace da fassara guda a gabanta. Wannan jeri shi ne kuma yake sa manyan ɗalibai su fassara jimla ta 4 da "ya fara famfo".

6.0 Shawarwari

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekarun farko na firamare, kafin a koma Ingilishi. Hikimar da ke ciki ita ce a gina sabon harshe bisa wanda yaro ya riga ya mallaka. Dangane da batunmu, muna ba da shawara kamar haka:

(a) A daina koyar da kalma tsirara. A kawo ta cikin jimla, da misalai daga abin da yaro ya sani, kamar injin niƙa da tasha da gona.

(b) A ba yaro wannan ma'auni: ya faɗi jimlar da Hausa tukuna. In "tashi" ko "tayar da" ko "kafa" ta fito, to "start" zai sa. In "fara" ko "soma" ce ta fito, kowace ya ɗauka daidai ne.

(c) A kwalejojin ilimi, sassan Hausa da na Ingilishi su haɗa kai wajen shirya darussan kwatanta ma'ana ga ɗalibai masu shirin zama malamai.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa "begin" da "start" sun yi tarayya a fili mai faɗi, amma "start" tana da wasu gonaki nata na kanta, waɗanda ta gada daga tsohuwar ma'anarta ta zabura. Mun kuma ga cewa Hausa ta riga ta shata wannan iyaka da kalmominta. Muna fata masana za su gwada ma'aunin da muka kawo a azuzuwansu, su kuma faɗaɗa nazarin zuwa "end" da "finish" da "stop" tare da "ƙare" da "gama" da "daina", inda muke zaton za a tarar da irin wannan matsala.