Kano zuwa Abuja: ina rabin awar ke shiga?

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, in ta sama aka miƙe, wajen kilomita 360 ne. Jirgin fasinja irin Boeing 737 kuwa, in ya daidaita a sama, yana cin kilomita 800 a awa guda. Wani malamin lissafi a nan Ajingi ya taɓa tare ni da wannan: ai tafiyar ba ta kai rabin awa ba ke nan, don me tikiti ke cewa awa ɗaya?

Lissafinsa daidai ne, sai dai lokacin da ke kan tikiti ana ƙirga shi ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda ya faka har ya tsaya cak a wancan filin. Zai gangara a hankali zuwa titin tashi, ya jira izini daga hasumiya. Ya tashi ma ba ya sakin gudu nan take, domin ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ba ta barin ya wuce kimanin kilomita 460 a awa. Kafin ya gama hawa, lokacin fara gangarowa ya ƙarato. Ga shi jirgi iska yake fuskanta wajen tashi da sauka, don haka wani lokacin sai ya kewaye gari ya shigo ta ɗaya gefen. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka ne ke cinye mafi yawan lokacin.

Doguwar tafiya ce ke nuna amfanin gudun. Kano zuwa Jidda ya kai kilomita 3,400, kusan ninki goma na Abuja, amma alhazanmu kan yi shi cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin mutumin karkara. Daga Ajingi sai ka bi ta Gaya da Wudil, in ranar Juma'a ce kuma cunkoson kasuwar shanu na jiranka a wajen gada. Ka shiga Kano, ka ratsa gari, ka isa fili aƙalla awa guda kafin tashi. In lokacin hunturu ne hazo na iya zaunar da kai har la'asar, tunda matuƙi ba zai sauka a titin da ba ya gani ba. Ka sauka Abuja, saura wajen kilomita 40 zuwa cikin gari. Wuni ya tafi.

Alhali filin jirgin Dutse, wanda gwamnatin Sule Lamido ta gina aka buɗe a 2014, ya fi na Kano kusa da mu. Ina ganin da kamfanoni za su riƙe shi da jirgin Abuja na kullum, a lokacin da aka sani ba ya sauyawa, mutanen Gaya da Ajingi na cikin waɗanda za su fara cika kujerunsa.